Yadda ake ɗaukar karatun malam da tagar umarni ba tare da muryar ta lalace ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina zaune a Mabera cikin Sakkwato. Kullum bayan magariba muna karatun littafi a zauren malaminmu, kuma ni aka ɗora wa ɗaukar karatun. Ina da tsohuwar kwamfutar cinya mai Ubuntu, manhajar ɗaukar sauti tana yi mata nauyi har takan tsaya ana tsakiyar karatu. Na gwada arecord, umarnin ɗaukar sauti da ake rubutawa a tagar umarni (terminal), amma muryar Malam ta fito kamar daga cikin rijiya, ga kuma wata ƙara a ƙarƙashi. Mene ne gyara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya saka maka da alheri kan wannan hidima. Kada ka bar arecord, domin ga tsohuwar kwamfuta irin taka babu abin da ya fi shi sauƙin nauyi, kuma matsalar da ka gani tana da dalili sananne.

Shi arecord da ɗan'uwansa aplay suna cikin kayan ALSA, wato sashen Linux da ke magana kai tsaye da na'urar sauti. Idan ka rubuta arecord da sunan fayil kawai, ba ka gaya masa ingancin da kake so ba, zai ɗauka da mafi ƙarancinsa: samfuri 8000 a daƙiƙa, wato yana auna sautin sau 8000 a kowace daƙiƙa, kowane samfuri bit 8. Samfuri 8000 shi ne na layin tarho, kuma duk sautin da ya wuce rabin wannan adadi, wato hez 4000, ba ya shiga. A can sama ne kaifin haruffa irin su "s" da "sh" da "ts" yake, shi ya sa kake jin muryar a dushe. Ga karatun da ake jan baƙi na Larabci, inda bambanta sin da sad yake da muhimmanci, wannan asara ce babba. Bit 8 kuwa shi ke kawo wannan shuuu ɗin da ke bin murya.

Fara da ganin makirufon da kwamfutar ta sani:

arecord -l

Za ka ga jerin katunan sauti da lambobinsu. Na cikin kwamfuta yawanci shi ne 0, idan ka jona makirufo na USB sai ya zo a 1. Ina ba ka shawara da gaske ka nemi na USB ko da mai araha ne, domin na jikin kwamfuta yana kusa da fankarta, kuma a zafin Sakkwato na watan Afrilu fankar nan ba ta hutawa. Sannan ka ɗauka haka:

arecord -D plughw:1,0 -f S16_LE -r 44100 -c 1 -V mono karatu.wav

Ma'anarsa: kati na 1, bit 16, samfuri 44100 a daƙiƙa kamar na faifan CD, layi ɗaya tunda mutum ɗaya ke magana. Ka lura na rubuta plughw ba hw ba. Na biyun yana ƙin aiki idan makirufonka bai san ingancin da ka nema ba, na farkon kuwa yana daidaita su da kansa. Idan an shafa fatiha, danna Ctrl da C tare, zai rufe fayil ɗin yadda ya kamata.

Wancan -V mono na ƙarshe shi na fi so ka riƙe, don shi ne zai nuna maka ma'aunin ƙarfin murya yana motsi a kan allo. Kafin Malam ya buɗe littafi, ka sa wani ya zauna a kan buzunsa ya yi magana da irin ƙarfin muryarsa, kai kuma kana kallo. Idan ma'aunin yana yawo wajen kashi 50 zuwa 70, lafiya lau. Idan yana buga 99 ko yana nuna MAX, sautin ya cika ya tumbatsa, kan muryar yana yankewa, kuma wannan ɓarnar babu manhajar da ke mayar da ita daidai daga baya. Murya mai rauni ana iya ɗaga ta, wadda ta fashe kuwa ta tafi ke nan. Ka tuna malamai sukan ɗaga murya idan sun zo wurin jan kunne, saboda haka ka bar masa sarari. Wurin rage ko ƙara ƙarfin shi ne alsamixer: danna F6 ka zaɓi katin, F4 ka shiga ɓangaren ɗauka, sai ka yi amfani da kibiyoyin sama da ƙasa. Makirufon kuma ya kasance kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinsa. Kusanci ya fi duk wata dabara da zan koya maka.

Ita kuwa ƙarar da ke ƙarƙashi, gwada cire cajar kwamfutar ka saurara. Idan ta ɗauke, to daga wuta take, domin lantarkinmu yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar kyau ko janareta kan shigar da wannan gurnanin cikin sauti. Maganin shi ne ka cika batir tun da rana, ka ɗauki karatun a kansa. Abin da ya saura SoX, manhajar gyaran sauti, zai rage shi:

sox karatu.wav gyararre.wav highpass 100 norm -1

Wannan yana danne abin da ke ƙasa da hez 100, sannan ya ɗaga muryar zuwa daidai gwargwado.

In ka ga saƙon da ke cewa na'urar tana hannun wani, to PipeWire ko PulseAudio, wato manhajar da ke raba na'urar sauti tsakanin sauran manhajoji, shi ne ya riga ka kama ta. Ubuntu ta koma PipeWire tun fitowar 22.10. Cire -D plughw:1,0 kawai daga umarnin, ko ka yi amfani da pw-record.

Sai maganar girma. Da wannan ingancin, daƙiƙa ɗaya tana cin bait 88,200, awa ɗaya kusan megabait 318 ke nan. Ba wanda zai sauke wannan da datarsa. Idan karatun mai tsawo ne kamar tafsirin azumi, ƙara --max-file-time 600, zai riƙa buɗe sabon fayil duk minti goma, ko batir ya mutu ba ka rasa na baya ba. Daga baya sox karatu-*.wav cikakke.wav zai haɗe su, sai ka sa cikakke.wav a madadin karatu.wav cikin umarnin gyaran da ya gabata. Don rabawa kuma ffmpeg, manhajar da za ta matse fayil ɗin zuwa MP3, shi ne abokin aikinka:

ffmpeg -i gyararre.wav -b:a 64k karatu.mp3

Awa ɗaya za ta dawo megabait 29 ko ƙasa kaɗan. Tsarin Opus, wanda WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya, ya fi wannan matsewa: a 24k awa ɗaya ba ta kai megabait 11 ba. Duk da haka ni MP3 nake zaɓa wa jama'armu, saboda dattijon da zai sa katin memori a ƙaramar wayarsa ko rediyonsa ya saurara a gona, MP3 ce na'urarsa ta sani. Amma ka ajiye na asalin. Idan wuri ya yi maka ƙaranci, mayar da shi FLAC, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai ba. Karatun malami abu ne da ɗalibai za su nema bayan shekaru, kuma ba a sake gina inganci daga fayil ɗin da aka riga aka matse. Ka sa kwanan wata da sunan littafi da babi a sunan kowane fayil tun daren da aka yi shi.

Wajen saurare, aplay karatu.wav ya isa. Sai dai kada ka ba shi MP3, bai san ta ba, zai watso maka ita a matsayin ƙara mai tsananin ƙarfi, abin da ba ka so ya faru alhali abin saurare yana kunnenka. Ga MP3 ka yi amfani da mpg123, ko ffplay -nodisp -autoexit karatu.mp3.

Kafin ka tura wa kowa, ka nemi izinin Malam, ka kuma tambaye shi ko a yanke tambayoyin da mutane suka yi a ƙarshen zama, domin wani yakan tambayi abin da ya shafi cikin gidansa ne yana ganin zauren kaɗai ke jin sa. Umarnin sox gyararre.wav yankakke.wav trim 0 50:00 zai bar maka minti hamsin na farko, sauran kuwa yana nan cikin gyararre.wav.