Tambayi Likita: Jadawalin Aiki, Jan Ƙafa da Gajiya

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a Gombe. Ina da lokaci, amma ba na iya buɗe littafi sai jarrabawa ta ƙarato. Shin tsara jadawali zai taimaka mini?

Amsa: Zai taimaka, 'yata, muddin ba ki cika shi da buri ba. Ki gwada dabarar Pomodoro, wadda wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980: karatun minti 25, hutun minti 5, wayarki kuma tana wani ɗaki. Amma idan kasalar ta zo da baƙin ciki da rashin barci har fiye da mako biyu, ki je asibiti, domin ciwon damuwa yakan ɓuya a bayan abin da mutanen gida ke kira lalaci.

Tambaya: Ina cin goro da dare domin in ƙarasa aikin ofis. Akwai illa?

Amsa: Akwai, Malam. Goro yana hana barci, babba kuwa yana bukatar aƙalla awa 7. Ka tsaya daga la'asar.

Tambaya: Ni tela ne a kasuwar Wunti, Bauchi. Idan Sallah ta matso, ina kan keke daga asuba har ƙarfe biyun dare. Na sayi littafi na rubuta jadawali, bai yi mini amfani ba, sai wani abokina ya ba ni tiramol. Yanzu ba na iya ɗinki sai da ita.

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ce ta fi tayar mini da hankali. Jadawali yana amfanar wanda ke da lokaci amma farawa ke yi masa nauyi, kamar ɗalibar nan ta sama. Kai kuwa ɗinkin wata biyu ka karɓa za ka yi a wata guda, kuma babu littafin da zai ƙara maka awa ko ɗaya. Amfanin littafinka shi ne ya nuna maka kala nawa za ka iya gamawa a rana, domin idan Hajiya ta zo da atamfa saura kwana biyar Sallah, ka ba ta haƙuri tun kafin ta kwance leda.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Ka lissafa naka awannin, sannan ka je a auna maka hawan jini.

Maganar tiramol kuwa, na gaji da jin ana kiranta maganin ƙarfi. Maganin ciwo ne mai kama jiki, gajiyar kawai take rufewa, kuma idan ta yi yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana kuma danne numfashi. Na taɓa duba matashin da ya faɗi daga kan kekensa yana kumfar baki, almakashi a hannu, 'yan'uwansa kuma suka yi ta turare suna cewa aljanu ne!

Kada ka yanke ta lokaci guda kai kaɗai, domin jiki zai ɗauki rawa da gumi da ciwon gaɓoɓi, ka koma mata. Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a wannan makon, ka faɗa wa likita guda nawa kake sha a rana ba tare da ragi ba, a tsara maka yadda za ka sauka a hankali. Idan jijjiga ta kama ka kafin nan, a garzaya da kai asibiti, ko da tsakar dare ne.