Amsa ga ƙanena mai liƙa ƙyallaye a Birnin Kudu

Ƙanena, saƙonka ya same ni a Landan, da hotunan aikinka uku. Ka ce kana son fitowa karatun zane, amma kana jin kunyar nuna wa Turawa abin da kake yi, wato ƙyallen atamfa da takardar buhun siminti da kake liƙawa da ƙaro a kwali, ka bi da fenti. Har kana tambaya ko ka bar mafarkai da su Gizo da Dodo.

Don Allah kada ka bari. Na daɗe ina kallon hoto na biyun, mafarkin rijiyar bayan gidanku. Macijin nan da ka yanko daga tsohon zanen Inna, shuɗinsa ya koɗe don wanki, bakinsa na zare-zare, shi ya riƙe ni. Kusugu ta faɗo mini a rai tun ban karanta bayaninka ba.

Wannan liƙe-liƙen fanni ne da ake koyarwa. Shahararrun masu zane Picasso da Braque sun shigo da shi zanen Turai a 1912. Wangechi Mutu, 'yar Kenya, da yankan mujallu take ƙera mata masu kamar mutum da kamar aljana. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, hotunan Najeriya take dasawa a zanenta, kuma ta samu babbar kyautar MacArthur ta Amurka a 2017.

Sai dai ka fara ta Zariya, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A garin ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suna ɗalibai, suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka dage sai an haɗa fasahar gida da ta boko. Kuɗin makaranta da haya a nan Landan suna karya baƙo, gara ka zo digiri na biyu da tallafi a hannu.

Akwai abin da ya taɓa yi mini ciwo. Wani dillalin zane ya ce in ƙara iskokin bori a aikina, wai su ke tafiya a kasuwa. Na ƙi. Abin da mutanenmu ke tsoro ko suke neman tsari daga gare shi ba kayan talla ba ne. Batun hukuncin zana mai rai a addini kuwa, ka zauna da malaminka ku tattauna tun yanzu, don zuciyarka ta natsu.

Kafin damina ka hau babur zuwa Dutsen Mesa, ka tsaya gaban shanun da magabata suka zana a jikin dutsen, ka turo mini abin da ya fito daga hannunka. Ka ɗauki hoton da safe, a inuwa. A gaida Inna.