Amsa ga ɗan'uwan da ke neman ƙasar da zai koma

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce shekarunka 31, harhaɗa magunguna ka karanta, kana aiki a asibitin gwamnati, kana da mata da 'ya ɗaya, mahaifiyarka kuma tana hannunka. Albashi ba ya kai ka tsakiyar wata, ƙarin girma ya zama sai mai uwa a gindin murhu, zuciyarka ta riga ta bar ƙasar. Kana so a taya ka zaɓe tsakanin Ingila, Kanada, Jamus da Saudiyya. Ni ma'aikacin jinya ne. Na yi aiki a Saudiyya, yanzu ina arewacin Ingila da iyalina. Sauran ƙasashen biyu kuma akwai abokan karatuna a can, muna waya a kai a kai.

Ba zan ce maka ka yi haƙuri ka zauna ba, don na san abin da kake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, albashin ma'aikaci kuwa bai bi sahu ba. Sai dai mutumin da ransa ya ɓaci duk ƙasar da aka ambata masa sai ya ga ta yi. Nan ne ejan-ejan suke cin kasuwarsu. Don haka ka ajiye maganar wace ƙasa ta fi albashi, ka fara amsa wa kanka tambaya biyu. Ta farko: wace ƙasa za ta bar ka ka yi aikin da ka karanta, bayan tsawon wane lokaci, da kuɗi nawa? Ta biyu: cin rani za ka tafi, ko ƙaura za ka yi da iyalinka gaba ɗaya?

Bari in fara da ta farkon, don ita ce take karya yawancin mutanenmu. Digirinka na Najeriya shi kaɗai ba zai ba ka damar miƙa wa kowa magani a cikin ƙasashen nan huɗu ba. A Ingila, hukumar masu harhaɗa magunguna, GPhC, tana so ka ci jarrabawar Turanci, a IELTS maki 7 a kowane ɓangare, sannan ka yi kwas na shekara guda da ake kira OSPAP, wanda jami'o'i ƙalilan ne suke yin sa, kuɗinsa kuma ya haura fam 10,000. Bayan nan ka yi horon aiki na mako 52, sannan jarrabawar rajista. Shekara biyu ke nan idan komai ya tafi daidai, kuma a shekarar farko kai ne mai biya. A Kanada akwai jarrabawoyin PEBC, hukumar da ke jarraba masu harhaɗa magunguna a can, hawa-hawa, daga tantance takardu zuwa rubutacciya zuwa ta gwaji a aikace, sannan kowane lardi yana da nasa sharuɗɗan lasisi. A Jamus harshe ne katangar: Jamusanci matakin B2, da wata jarrabawar harshen sana'a a matakin C1, kafin a zo maganar ko karatunka ya yi daidai da nasu. Saudiyya ce ta fi sauƙin shiga: kamfanin DataFlow ya tantance takardunka, ka yi rajista da hukumar lafiyarsu SCFHS, ka zauna jarrabawar Prometric, ka samu wanda zai ɗauke ka.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne abin da nake gani da idona a nan. Akwai injiniyoyi, akantoci, masu digiri na biyu, har da 'yan fanninku, da suke aiki a gidajen kula da tsofaffi ko rumbunan ajiyar kaya, suna yin dare suna yin rana. Aikin halal ne, kuma ina girmama mai yin sa, don ni ma jinya ce sana'ata. Amma wanda ya baro gida saboda yana ganin ba a san darajar iliminsa ba, idan ya zo ya tarar ilimin ma ba a lissafa shi, ciwon da ya gudo dominsa yakan ninka. Na zauna da waɗanda suka yi kuka a gabana a kan haka, mazaje masu iyali. Kuma da zarar mutum ya shiga wannan aikin, ga haya, ga aike gida, lokacin karatun jarrabawa da kuɗinta sai su gagara, shekara ta bi shekara.

Sai tambaya ta biyu. Saudiyya da sauran ƙasashen yankinta wurin cin rani ne, ko da kuwa ranin ya kai shekara ashirin. Ba a cire harajin albashi, sau da yawa akwai gida ko kuɗin gida a cikin kwantiragi, kuma idan ka gama akwai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Daga Kano zuwa Jidda tafiyar kamar awa huɗu da rabi ce. Ga kiran salla a kunnenka, ga abinci ba sai ka tsaya karanta bayan kwali ba, ga Hajiya za ta iya zuwa Umara ta gan ka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai uwa a raye. Amma iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, a ɗaure take da mai ɗaukarka aiki, shi ne kafilinka. An sassauta dokar kafili a Maris na 2021, canjin wurin aiki ya ɗan yi sauƙi, duk da haka ranar da kwantiragi ya ƙare babu sabo, zamanka ya ƙare. Ɗan da ka haifa a can ba ɗan ƙasa ba ne. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan, don akwai 'yan'uwanmu a Makka da Jidda da kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙafa, har yau wasu jikokin suna fama da matsalar takardu. Ga kuma abu biyu da suka shafe ka kai tsaye. Mai aiki a kamfani mai zaman kansa yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, wato matarka da 'yarka riyal 800 ke nan. Sannan gwamnati tana ta ƙara kason guraben harhaɗa magunguna da dole a ba 'yan ƙasa tun 2020, ƙofar tana ƙara tsukewa.

Ingila kuwa, ƙasar da na sani ce take canza doka a kan baƙo yana tsakiyar hanya. Daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na kwas ba ya iya kawo iyalinsa. Daga 11 ga Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi kawo nasu. A Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru zuwa fam 38,700, a Yulin 2025 aka sake ɗagawa zuwa 41,700, aka kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Wasu ayyukan lafiya suna da nasu ma'aunin daban, amma alƙiblar a bayyane take. A Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin mai da wa'adin samun zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10. Idan kuma mai ɗaukar nauyinka ya sallame ka ko aka ƙwace lasisinsa, kwana 60 gare ka ka samu wani. Ina roƙonka da girman Allah, kada ka sayar da fili ko gidan gado don digiri na biyu a nan da niyyar "in na shiga zan san yadda zan yi". A 2024 an ga ɗaliban Najeriya da naira ta karye a hannunsu suna tsakiyar karatu, kuɗin da suka tanada ya kasa biyan ragowar kuɗin makaranta, aka dakatar da wasu. Duk wanda kuma ya ce ka kawo miliyoyi ya sayar maka da takardar ɗaukar nauyi, ka guje shi. Na san iyalan da suka sauka filin jirgi suka tarar aikin babu shi. Haka mai ce maka zai cike maka cacar bizar Amurka: an cire Najeriya daga cikinta tun 2013.

Wanda ya yi niyyar ƙaura da gaske, Kanada ta fi ba da tabbas a takarda. Idan ka shiga ta tsarin Express Entry, da zaman dindindin kake sauka, kai da matarka da 'yarka, ba ka ɗaure da kowane mai gida ba. Bayan zaman shekara 3 cikin 5 kana iya neman zama ɗan ƙasa, ɗan da aka haifa a can kuma ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, abin da babu shi a Ingila ga mai bizar aiki. Matsalarka a nan shekaru ne. Tsarin maki ne, cikakken makin shekaru yana ga masu 20 zuwa 29, daga 30 yake raguwa duk shekara har ya ƙare a 45. Kai ka riga ka fara asara, don haka jinkiri ba naka ba ne. Tun 2023 suna ware zaɓe na musamman ga ma'aikatan lafiya da kuma masu jin Faransanci, wanda ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke da wata dama da mu ba mu da ita. Ka sani kuma haya a Toronto da Bankuba tana cinye rabin abin da sabon zuwa yake samu, sanyin kuwa na watanni ne.

Jamus ba zan tsawaita ba. Sun buɗe katin neman aiki a Yunin 2024, sun kuma yarda mutum ya zama ɗan ƙasa bayan shekara 5 ba tare da ya saki fasfonsa na asali ba. Ta dace da saurayi mara nauyi wanda zai iya ba harshe shekara ɗaya ko biyu. Mai iyali da uwa a hannu, da wuya.

Akwai abin da ba a rubuta shi a shafin kowace hukuma, kuma shi ne ya fi damuna yanzu da yarana suka tasa. A gida tarbiyya ta unguwa ce: kaka, gwaggo, malamin allo, maƙwabci. A nan kai da matarka ne kawai. Islamiyya ta ƙarshen mako ce, da kuɗi, wani lokaci da tafiya mai nisa. Hausa kuwa, in ba ka dage a gida ba, yaro zai riƙa ji amma ya mayar maka da Turanci, har ya kasa hira da kakarsa a waya. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, matar da ta saba da gida cike da mutane sai ta wuni ita da bango. Ka zaunar da maiɗakinka ku yi wannan magana tun yanzu, ka ji ta bakinta da gaske, don ita ce za ta fi ɗaukar kaɗaicin. Ka kuma je wurin Hajiya. Ka tsara wanda zai riƙa kai ta asibiti da wanda zai kwana kusa da ita, don kuɗin da za ka aiko ba zai yi waɗannan ba.

Ga abin da nake gani a kan halinka kai kaɗai. Da ni ne mai shekara 31, da iyali, da uwa, ba tare da tarin kuɗi ba, Saudiyya ko Ƙatar ko Oman zan fara nema, da wa'adin da na yanka wa kaina da adadin da nake son tarawa. Ita ce hanyar da ba ta buƙatar ka sayar da komai, kuma da sana'arka za ka shiga. Kana can sai ka ci jarrabawar Turanci, ka fara matakan PEBC da albashin riyal, ka shiga layin Kanada. In ta buɗe, ka tafi da lasisi a kusa da hannu da kuɗin zama. In ba ta buɗe ba, ka dawo da jarin buɗe kantin magani naka a gida, wanda shi ma fita ce daga halin da kake ciki. Abokan aikina da suka bi wannan tsari sun fi waɗanda suka yi tsalle ɗaya kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Abin da za ka fara a wannan watan, ko wace ƙasa ka zaɓa, shi ne tattara takardu. Ka nemi cikakken sakamakon karatunka daga jami'a, da takardar shaidar kyakkyawan matsayi daga hukumarku ta PCN, da shaidar hidimar ƙasa, da wasiƙun wuraren da ka yi aiki masu ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa. Ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fasfo da kowace takarda, don Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya tsayar da tantancewa na watanni. Kada ka ajiye aikinka sai biza ta shiga fasfo. Idan ka faɗo mana shekarun da ka yi kana aiki bayan hidimar ƙasa da abin da maiɗakinka ta karanta, sai mu taya ka lissafa makinka na Kanada, don karatunta da Turancinta su ma suna ƙara maki. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya.