Ku Tambaya, Mu Amsa: Kamun Jatan Lande da Ƙaguwa a Gulbi da Kanal

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne a Yauri, ina son in riƙa zuwa bakin gulbi ranakun hutu ina kama jatan lande don sha'awa da miyar gida. Na sayi gura (tarkon kifi na raga) biyu, na kafa sau da dama, amma sai ƙurungu da 'yan karfasa nake samu. Ina matsalar take?

AMSA: Malam, kafin ka zargi gurarka, ka san ruwan da kake ciki. Babban jatan lande mai dogayen hannuwa yana girma a ruwan daɗi, amma 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗan gishiri, can inda kogi ke haɗuwa da teku. Daga nan ne suke tattaki su hau kogi. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Jebba da ta biyo baya, sun tsaya a tsakaninka da teku. Saboda haka a Yauri, Ngaski ko Shanga kada ka sa rai da cika kwando da manya. Busasshen da kake gani a kasuwa ma daga gaɓar teku ake kawo shi, irin su Oron a Akwa Ibom. Abin da ruwanka ke da shi shi ne ƙananan da ke maƙale a ciyawar ruwa, da kuma ƙaguwa, kuma duka biyun sun isa mutum ya fita dominsu.

Sai gurar kanta. Wadda aka ɗinka don kifi idon ragarta ya yi faɗi, ƙananan na shiga su ci su fice. Ka lulluɓe ta da raga mai idon da bai wuce rabin santimita ba. Ƙofofin su kasance a ƙasa daf da gindi, domin waɗannan halittu tafiya suke yi a ƙasan ruwa, ba iyo a sama ba. Bakin ƙofa na ciki kada ya wuce faɗin yatsu uku. In ya fi haka tarwaɗa za ta shiga, kuma kafin asuba ta cinye duk abin da ka tara. In ƙaguwa kake nufi, yi amfani da ragar waya, don tana yanke zare cikin dare guda.

Dafaffiyar dusa da masunta ke curawa ita ke jawo maka karfasa. Sauya ta da kan kifi ko hanjinsa, ko ƙuli-ƙuli guda biyu zuwa uku. Ƙulle abincin a tsumma ko guntun raga, ka rataye shi a tsakiyar gura. In ka zuba shi a sake, ruwa zai wanke shi cikin sa'a ɗaya, in kuma ya jingina da bango, daga waje za a cinye.

Kafa bayan la'asar, ka ɗaga da sassafe, domin da dare suke fita kiwo. Nemi zurfin gwiwa zuwa ƙugu, kusa da duwatsu, saiwoyi ko gefen ciyawa, inda ruwa ke tafiya a hankali. Ƙofa ɗaya ta fuskanci inda ruwa ya nufa, saboda ƙamshin abinci can yake gangarawa, su kuma su biyo shi. Sa dutse mai nauyin kamar kilo biyu a ciki, ka ɗaure igiya a turke. Tsakanin gura da gura bar taku goma. Kwana biyu babu komai, sauya wuri.

Abu biyu da ba ma so ka ɗauka da wasa: ka fara gaida Sarkin Ruwa na wurin ka nemi izini, don kowane yanki na ruwa yana da masu shi. Sannan yankin Yauri akwai dorina. Ka tambayi Sarkawa, masuntan yankin, inda take kwana, kada ka shiga ruwa da duhu kai kaɗai.

TAMBAYA: Muna noman rani a Talata Mafara. Yarana suna kama ƙaguwa a kanal ɗin Bakolori. Ko akwai illa? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, akwai, kuma babbar illar ba a cikin ƙaguwar take ba, a cikin ruwan take. Kanal mai tafiya a hankali da ciyawa a gefe gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, manyan jatan landen da ke cin katantanwa sun ɓace daga saman kogin Senegal, tsargiya kuma ta ɓarke a yankin. Yaron da ya fara fitsari da jini a kai shi asibiti, maganin yana nan kuma yana aiki. Kada a ce balaga ce.

Mafita ita ce yara su daina shiga ruwan. A ɗaure gura da igiya mai tsawon mita huɗu, a jefa daga bakin kanal, a jawo daga nan. A kuma kula da ranar sakin ruwa, domin ƙarfinsa yana tafiya da gura, kuma simintin gefen yana da santsi. Idan an yi feshin maganin ƙwari a gonakin shinkafa na kusa, a bar magudanar da ke kwashe ruwan gonakin gaba ɗaya. Ganin matattun ƙaguwa a gefe alama ce ta a tattara a tafi.

Wajen ci, wadda ta mutu kafin a kai gida a zubar. Mai rai a ajiye ta a kwando a rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada a nutsar da ita a bokitin ruwa, iska za ta ƙare mata. A wanke da buroshi, a tafasa a ruwan gishiri minti 15 daga lokacin da ya tafaso. Gashin sama-sama da yara ke yi a garwashi bai isa ba, saboda ƙaguwar ruwan daɗi tana iya ɗaukar tsutsar da ke kama huhu.

TAMBAYA: Ƙananan jatan landen da na tara da yawa, yaya zan adana su? Kuma ya halatta a ci? Daga Argungu.

AMSA: A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabbobin ruwa halal ne. Don adanawa, ɗan'uwa, zuba gishiri cokali uku a lita ɗaya ta ruwa, ka tafasa su minti uku zuwa biyar har su yi ja, ka tsane, ka shanya a kan tabarma bisa gado, ba a ƙasa ba. Da hunturu kwana biyu sun isa. In ka murza ɗaya ya karye ƙwas, ya bushe. In ya lanƙwashe, ƙara masa rana, in ba haka ba zai yi fumfuna a leda. Wadda ka ga ƙwai cunkushe a ƙarƙashin cikinta, mayar da ita ruwa tun a bakin gulbi. Kuma ka tuna kogin Matan Fada a killace yake sai ranar bikin kamun kifi, sai ka nemi wani wurin.