Filin Tambayi Likita: In Sayar da Gona Don Allurar Maiɗakina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makarantar sakandare ne. An yi wa maiɗakina tiyatar sankarar mama, kuma likitanta ya ce ban da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, tana buƙatar wata allura mai suna trastuzumab har tsawon shekara guda. Da na kai takardar ofishin inshorar lafiyarmu, sai aka ce maganin ba ya cikin waɗanda suke biya, ga shi kuɗin kwalba ɗaya ya fi albashina na wata. 'Yan'uwana sun ce a sayar da gonar gadonmu, wani abokina kuma ya ce zai samo mana shi da araha a hannun wani dillali. Wace shawara za ka ba ni? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Kafin a kai ga maganar gona, ka karɓi takardar gwajin da aka yi wa naman da aka cire, ka duba abin da aka rubuta a gaban kalmar HER2. Wannan allura ba ta aiki sai a kan sankarar da ke ɗauke da wannan sinadari da yawa, kuma kusan mace ɗaya ce cikin biyar ko shida masu sankarar mama take da irinta. Idan an rubuta 3+, magana ta ƙare, likitanta yana kan daidai, domin maganin yana rage dawowar cutar ƙwarai da gaske. Idan kuwa 2+ ne, sai an yi wani gwaji na biyu ya tabbatar kafin ka fitar da ko sisi.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ne iyalai da yawa suke faɗawa rami. Ana yin allurar duk bayan mako uku, wato sau 17 ko 18 a shekara, ana auna yawanta da nauyin jikin majinyaciya, sannan akwai hoton zuciya da ake ɗauka kafin a fara da kuma kusan duk bayan wata uku, saboda maganin yana iya raunana zuciya. Mutum yakan sayar da kadara ya sayi kwalba uku ko huɗu, kuɗi su ƙare, magani ya tsaya, gona kuma ta tafi. Don haka ka zauna da likitanta ka gaya masa iyakar ƙarfinka ba tare da jin kunya ba. Wani babban bincike da aka yi a Ingila, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa a wajen mata da yawa allurar wata shida ta kusa kamo ta wata goma sha biyu wajen amfani. Shekara guda ce har yanzu aka fi bi, amma likitan da ya san halin aljihunka zai iya duba ko gajartawa ta dace da ita.

Ka kuma tambaye shi ko dole ne sai samfurin Herceptin na kamfanin Roche. Wasu kamfanoni suna yin irin maganin da kuɗi ƙasa da haka, kuma tun watan Disamban 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da irinsu.

Akwai ƙofofi biyu da ya kamata ka ƙwanƙwasa. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta prostate, wadda ke kama maza, waɗanda ba su da hali, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ba shi da nisa da ku, yana cikin asibitoci shida da aka fara shirin da su, tare da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Sannan hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta ƙulla yarjejeniya da Roche wadda kamfanin yake ɗaukar rabin kuɗin wasu magungunansa, hukumar ta ɗauki kashi 30 cikin 100, majinyacin da ke da rajista da ita ya biya kashi 20. Ana shan jira da cike takardu, saboda haka ka je sashen jin daɗin marasa lafiya na asibiti tun yanzu.

Batun dillali kuwa, ka yi wa abokinka godiya ka bar shi a nan. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan jabun magungunan sankara a kasuwa, har da Herceptin. Ko na gaske ne, dole ya zauna cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma da halin da wutar lantarki take ciki a garuruwanmu, kwalbar da ta kwana a shagon da firjinsa ya mutu tana iya lalacewa ba tare da ido ya gane ba. Ka saya a kantin maganin asibiti, ka ajiye rasit da kwalin.

Idan bayan duk wannan akwai giɓin da ya rage, sai ku zauna da sauran magada da adadin a rubuce, ku duba ko jinginar da gonar ko sayar da wani yanki nata zai cike shi.