Kada a haɗa kiran 112 da wayar maigadi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wani masaukin baƙi a Kano, muna da reshe a Kaduna. Bara aka sa mana wayoyin intanet. In an kira lambarmu, wayar teburin karɓar baƙi da ta ofishina da salulata duk sukan yi ƙara tare. Yaya ake yin haka? Kuma ina so a yi wa 112, lambar kiran gaggawa, irin wannan, in baƙo ya buga daga ɗaki kiran ya shiga cibiyar agaji da wayar maigadi lokaci guda. Me ka gani? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Abin da aka yi maka shi ne raba kira zuwa rassa. Yawancin wayoyin nan suna magana ne da ƙa'idar SIP, wadda aka fitar da tsarinta na yanzu a 2002. Kowace waya takan yi rajista a wurin na'urar rarraba kira ta ofis, ta ce ga ni a nan. Idan kira ya shigo, sai na'urar ta aika gayyata ga dukkan wayoyin da ke ƙarƙashin lambar. Wadda aka fara ɗagawa ita ta samu, nan take na'urar ta aika wa sauran saƙon sokewa su yi shiru. Ana kuma iya jera su bi da bi: tebur ya yi ƙara daƙiƙa 20, in ba a ɗauka ba ya wuce ofishinka.

Ga kiran kasuwanci wannan alheri ne. Ga 112 kuwa, ina roƙonka don Allah kada ka yi.

Ka riƙe maganar nan ta "wadda aka fara ɗagawa". A ce wuta ta kama a ɗaki da ƙarfe biyun dare. Baƙo ya buga 112, kiran ya rabu biyu. Maigadi yana zaune bakin ƙofa, waya na aljihun rigarsa, ƙara ɗaya ya ɗaga. To na'urarka ta soke reshen da ya nufi cibiyar agaji ke nan, tun kafin ma'aikacin can ya kai hannu. Baƙo yana ta ihu a tsammaninsa da 'yan kwana-kwana yake magana. Na taɓa gwada irin wannan saiti da lambobin cikin gida a wani ofis, sai ga akwatin ajiye saƙon murya na wata waya da ke kashe ya riga kowa amsawa. Na'ura ba ta bambanta mutum da akwatin saƙo, amsa kawai take jira.

Abin da kake nema yana da hanyarsa: kiran ya tafi 112 shi kaɗai, sannan na'urar ta tura wa maigadi da tebur sanarwa daban, mai ɗauke da lambar ɗakin. Haka doka ta tanada a Amurka, kuma da jini aka koyi darasin. A Disambar 2013 aka kashe wata mata, Kari Hunt, a ɗakin otal a garin Marshall na jihar Texas. 'Yarta mai shekara 9 ta buga 911, lambar gaggawa ta can, sau huɗu bai shiga ba, saboda wayar otal ɗin sai an fara danna 9. Dokar da aka sa wa sunanta a 2018 ta wajabta kiran gaggawa ya fita kai tsaye, a kuma sanar da tebur. Kai ma ka duba naka yau: in sai an danna 9 ko 0 kafin a fita waje, a cire wa 112 wannan sharaɗi.

Sai batun Kaduna, wanda ba ka tambaya ba amma shi ya fi damuna. Salula in ta buga 112, turken sadarwar da ke kusa da ita ne ke nuna yankin da mai kira yake. Wayar intanet ba ta san inda take ba, sai adireshin da aka rubuta mata. Idan kiran reshen Kaduna ta layin Kano yake fita, a matsayin kiran Kano za a ɗauke shi. A Kanada wani iyali ya ƙaura daga Mississauga zuwa Calgary da wayarsa ta intanet. Ranar da ɗansu mai wata 18 ya shiga mawuyacin hali a 2008, tsohon gidan aka tura motar asibiti, yaron kuma ya rasu.

Saboda haka ka sa kamfanin da ya ba ka layi ya amsa maka a rubuce: yana kai kiran 112, kuma wace cibiya? Kowane reshe a ba shi mafitarsa, ko da ƙaramin akwati ne mai layin salula na garin. A ɗora na'urar da rauta, wato akwatin da ke raba intanet, a kan batir, don in an ɗauke wuta wayoyin ɗakuna gaba ɗaya mutuwa suke yi. WhatsApp kuma ba ya kiran 112. A ajiye ƙaramar salula mai caji a kowane tebur, a manna cikakken adireshin masaukin a bayanta, yadda ma'aikacin dare zai karanta shi ko hankalinsa a tashe yake.