Tambaya da Amsa: Shin Sai da Kuɗi Ake Mallakar Kayan Aikin Rubuta Manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jidda, kuma ɗana ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta. Wani mai shago ya ce zai zuba masa dukkan kayan aikin a kan riyal 300, amma yaron ya dage cewa kyauta ake samunsu a intanet. Wane ne mai gaskiya, kuma idan kyauta ne, da me masu ƙera su suke cin abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya tana wajen yaronka, sai dai akwai sharuɗɗan da ya kamata ku sani.

Babban kayan aikinsa shi ne manhajar fassara, wadda ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. A da haja ce mai tsada, ana sayar da ita a kwali tare da faifai da littafin bayani, kuma farashinta kan kai ɗaruruwan daloli. A 1983 kamfanin Borland ya karya wannan farashi da Turbo Pascal, wadda ya riƙa tallatawa a mujallu yana aika wa masu saye ta gidan waya a kan dala 49.95. A 1987 kuma Richard Stallman ya fitar da GCC, wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa da rabawa, kuma har yau ana aiki da ita a ko'ina. Shi ya sa ɗalibin da ke koyon harshen rubuta manhaja irin su C ko Python ba ya biyan ko halala ɗaya kafin ya fara.

Manyan kamfanoni ma sun bi sahu, ba don sadaka ba, sai don sun gane cewa yawan masu rubuta manhaja domin na'urorinsu shi ne ribarsu. Microsoft ya saki kayan aikinsa na rubuta manhaja mai suna Visual Studio Community kyauta a 2014 ga ɗalibai da ɗaiɗaikun mutane da ƙananan kamfanoni, sannan Visual Studio Code a 2015, yayin da Apple ke ba da nasa kayan aikin, wato Xcode, kyauta ga masu kwamfutar Mac. Kuɗin ya koma wasu ƙofofi ne. JetBrains, wani kamfani mai ƙera irin waɗannan kayan aiki, ya koma tsarin biyan wata-wata ko shekara-shekara tun 2015, ko da yake yana yafe wa ɗalibai. Wanda kuma ya gama manhajarsa yana son kai ta kasuwar manhajojin waya, Google zai karɓi dala 25 sau ɗaya, kimanin riyal 94, Apple kuwa dala 99 duk shekara, kimanin riyal 371.

Game da mai shagon, ɗayan biyu ne: ko dai zai sayar muku da abin da yake kyauta, ko kuma zai zuba wa yaron kwafin da aka fasa makullinsa. Na biyun ya fi damuna ƙwarai, domin bayan kasancewarsa cin haƙƙin masu shi, irin wannan kwafi ba ya samun gyare-gyaren tsaro, kuma sau da yawa ana cusa masa muguwar manhaja, wadda ke iya bin duk abin da yaron ya ƙera har ta isa ga masu amfani da shi.

Yaron ya sauke komai daga shafin masu shi kai tsaye, kuma ya saba da karanta lasisi, domin abin da aka yafe wa ɗalibi ba lallai a yafe wa kamfani ba, sharuɗɗan kuma suna canzawa. A 2019 kamfanin Oracle ya sauya sharuɗɗan amfani da kayan aikinsa na harshen rubuta manhaja na Java, kamfanoni da dama suka wayi gari sai sun biya ko su koma OpenJDK, wani nau'in Java da yake kyauta. Saboda haka ranar da yaron ya fara yi wa wani kamfani aiki a nan Saudiyya, ya tambaya tun farko wa zai ɗauki nauyin lasisin, kuma a rubuta amsar a cikin yarjejeniyarsu.